Sharhi: Bitamin D da cututtukan bairos, tsakanin abin da aka yi fata da abin da gwaji ya nuna

A shekarar 2025 mujallar likitanci ta The Lancet Diabetes & Endocrinology ta buga wani sakamako da bai samu ko rabin yayatawar da magabatansa suka samu ba. Masu bincike na Jami'ar Queen Mary da ke Landan sun tattara gwaje-gwaje 40 da aka yi a kan mutum fiye da 61,000, domin gano ko shan bitamin D na rage kamuwa da mura da tari da sauran cututtukan hanyar numfashi. Abin da suka samu shi ne ragin da bai wuce kusan kashi shida cikin ɗari ba, kuma a ma'aunin ƙididdiga ba za a iya rantsuwa cewa ragin ba dace ba ne.

Abin lura shi ne, waɗannan masana su ne suka fi kowa ɗaga darajar bitamin D a wannan fanni shekaru takwas kafin nan. Da sababbin alƙaluma suka zo, sai suka sassauta matsayinsu da hannunsu. Sai dai kasuwa ba ta bi su ba. Har yau ana tallar ƙwayoyin a shagunan magani da shafukan sada zumunta da sunan "ƙarfafa garkuwar jiki", kuma ciniki kan ƙaru duk lokacin da hunturu ya kama, ƙura ta tashi, tari ya yawaita a gidaje. Ga magidancin da ke lissafin kuɗin abinci da na makaranta, tambayar ko wannan ƙwaya ta cancanci kuɗinsa ba ƙaramar tambaya ba ce.

Yadda jiki ke samar da shi

Duk da sunansa, bitamin D ya bambanta da 'yan'uwansa, domin mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa. Idan wani nau'in hasken rana ya sauka a kan fata, sai ya juya wani sinadari dangin kolestarol da ke cikinta zuwa bitamin D. Daga nan hanta ta sarrafa shi zuwa siffar da ke yawo a jini, wadda ita ce ake aunawa a ɗakin gwaji. Sai ƙoda ta kammala aikin, ta mayar da shi siffar da ke aiki. Hasken da ke wannan aiki ba ya ratsa gilashi, saboda haka zama a bayan tagar mota ko ta ofis ba ya cikin lissafi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da fara kafin ta samar da adadi ɗaya, haka ma fatar tsoho idan aka gwada ta da ta matashi. Abincin da ke ɗauke da shi kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin su sadin da titus, gwaiduwar ƙwai, hanta, da man hantar kifi.

Aikinsa da babu gardama a kai shi ne taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam. Idan ya yi ƙaranci ƙwarai, ƙashin yaro kan yi laushi har ƙafafunsa su lanƙwashe, babba kuma ya yi fama da ciwon ƙashi da raunin tsoka. Wannan an tabbatar da shi tun shekarun 1920.

Batun garkuwar jiki kuwa ya fi wannan sarƙaƙiya, amma ba ƙirƙira ba ce. A 2006 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna cewa idan ƙwayoyin jini masu farautar cuta suka gamu da ƙwayar tarin fuka, sukan kunna bitamin D a cikin kansu, shi kuma ya sa su samar da wani sinadari mai suna katelisidin, wanda ke huda jikin ƙwayar cutar. Wasu binciken na ɗakin gwaji sun nuna cewa sinadarin na iya lalata rigar wasu nau'o'in bairos, kuma bitamin D na taimakawa wajen lafar da kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa idan ta wuce gona da iri. Da wannan ne masana suka samu bayani mai ma'ana ga wani tsohon zato: tun a 1981 wani likita ɗan Birtaniya, Edgar Hope-Simpson, ya lura cewa annobar mura na bin zagayowar rana, tana tashi a watannin da haske ya yi ƙaranci a ƙasashen sanyi.

Shekarun kyakkyawan zato

Gwajin da ya fara jan hankali an yi shi ne a Japan a lokacin sanyin 2008 zuwa 2009. An raba 'yan makaranta 334 gida biyu, rabi suna shan IU 1,200 na bitamin D kullum, rabi suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Cikin masu shan bitamin ɗin, 18 ne suka kamu da murar infuluwenza nau'in A, a ɗaya ɓangaren kuma 31. A nau'in B ba a ga wani amfani ba, amma wannan ɓangaren labarin bai yi nisa ba.

A 2017 Farfesa Adrian Martineau da abokan aikinsa suka buga a mujallar BMJ tarin gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum kusan 11,000. Sun samu ragin kusan kashi 12 cikin ɗari, tare da bayanai biyu da suka fi jimillar muhimmanci. Na farko, amfanin ya bayyana ne ga masu shan ɗan kaɗan kullum ko mako-mako, ba ga waɗanda aka ɗura wa mai yawa a lokaci guda ba. Na biyu, waɗanda suka fi cin moriya su ne masu ƙaranci mai tsanani, wato waɗanda awon jininsu ya gaza nanomol 25 a kowace lita. Da aka sabunta lissafin a 2021, ragin ya sauko zuwa kashi takwas. Zuwa 2025 ya zama shida. Duk lokacin da aka ƙara manyan gwaje-gwaje masu inganci a kan sikelin, amfanin sai ya ƙara tsukewa, kuma masu nazarin magunguna sun san abin da irin wannan saukowa ke nufi.

A tsakiyar wannan tafiya ce korona ta ɓullo. A watannin farko na 2020 babu rigakafi, babu tabbataccen magani, ga kuma wani abu mai araha da ake samu a kowane kanti. Rahotanni suka yi ta kwarara. A Jami'ar Shikago an duba bayanan mutum 489, aka ga masu ƙarancin bitamin D sun fi sauran yiwuwar kamuwa da kusan ninki 1.8. A birnin Kordoba na Sifaniya an gwada wani nau'insa mai saurin aiki a kan majinyata 76: cikin 50 da aka ba, mutum ɗaya kaɗai aka kai sashen kulawa ta musamman, cikin 26 da ba a ba su ba kuwa, 13. Alƙaluma ne masu girgiza zuciya, kuma sun zagaya duniya cikin kwanaki. Sai dai gwajin ƙarami ne, likitoci da majinyata sun san wanda ya sha da wanda bai sha ba, kuma masu ciwon suga da hawan jini sun fi yawa a rukunin da ba a ba maganin ba.

Gwamnatin Birtaniya ta bi hanyar tsakiya. Ta yi tayin ba da bitamin D kyauta ga mutum kusan miliyan 2.7 masu rauni a Ingila a lokacin sanyin farkon 2021, amma hujjar da ta bayar ita ce lafiyar ƙashi da tsoka ga mutanen da kulle ya tsare a ɗaka watanni. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a ƙasar ta faɗa ƙarara a Disambar 2020 cewa kada a ba da shi domin kariya ko maganin korona kawai, sai dai a cikin gwaji.

Da manyan gwaje-gwaje suka iso

A birnin Sawo Paulo na Birazil an raba majinyatan korona 240 da ke kwance a asibiti, rabi aka ba su IU 200,000 a lokaci guda. Adadin bitamin ɗin a jininsu ya tashi kamar yadda aka so. Kwanakin jinya kuwa ba su sauya ba, bakwai a nan, bakwai a can, kuma ba a ga bambancin a-zo-a-gani a mace-mace ko buƙatar na'urar numfashi ba. Mujallar JAMA ce ta buga wannan a Fabrairun 2021.

Masu goyon bayan bitamin ɗin suka ce ai tun 2017 aka san ɗurawa lokaci guda ba ta aiki, kuma suna da gaskiya. Amsarsu ta zo a Satumbar 2022, a fitowa ɗaya ta BMJ. A Birtaniya an sa mutum 6,200 cikin gwaji, aka auna jinin rabinsu, duk wanda aka samu da ƙasa-ƙasa aka ba shi IU 800 ko 3,200 kullum tsawon wata shida. Ba a samu ragin korona ba, ba a samu na sauran cututtukan numfashi ba. Martineau da kansa ne ya jagoranci wannan aiki. A Norwe kuma mutum 34,601 suka shiga gwajin man hantar kifi, cokali ɗaya kullum a lokacin sanyi, aka tashi da sakamako iri ɗaya.

Ana iya cewa mutanen Norwe ba su da ƙaranci tun farko, kuma haka ne ga yawancinsu. Wannan uzuri ba ya aiki a Mongoliya, inda sanyi ke da tsanani kuma kusan dukkan yaran da aka gwada ba su kai ma'aunin da ake so ba. An ba da IU 14,000 kowane mako tsawon shekara uku a gwajin da ya ƙunshi yara 8,851. Jininsu ya gyaru, amma kamuwa da ƙwayar tarin fuka da cututtukan numfashi bai ragu ba. A nahiyar Afirka ma an gwada: a Darussalam ta Tanzaniya, cikin manya 4,000 masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki waɗanda suka fara shan magani kuma jininsu ya nuna ƙarancin bitamin D, ƙarin bai rage mace-mace ko tarin fuka na huhu ba.

Me ya sa marasa lafiya ke da ƙarancinsa?

Nan ne zuciyar al'amarin take. Gaskiya ne cewa idan aka shiga ɗakin masu jinya mai tsanani aka ɗibi jini, za a tarar da ƙarancin bitamin D ya yi yawa. Kuskuren yana wajen fassara.

Wanene ke da ƙarancin bitamin D? Tsoho da ba ya fita. Mai ƙiba, domin kitse na riƙe sinadarin ya hana shi yawo a jini. Mai ciwon ƙoda ko hanta, gaɓoɓin da ke sarrafa shi. Wanda doguwar jinya ta kwantar, da wanda talauci ya hana shi cin kifi da ƙwai. Waɗannan dai su ne mutanen da kowace cutar bairos ta fi kayarwa, ko da bitamin D ko babu. Da masu bincike a Gilasgo suka duba dubban ɗaruruwan mutane a babban rumbun bayanan lafiya na Birtaniya a 2020, sun ga alaƙar da farko, amma da suka cire tasirin shekaru da ƙiba da talauci da sauran cututtuka, sai ta ɓace.

Akwai kuma abin da ya fi wannan rikitarwa: ita kanta rashin lafiyar tana saukar da awon. An auna jinin mutanen da aka yi wa tiyatar gwiwa kafin aiki da bayansa, aka ga bitamin D ya faɗi sosai cikin kwana biyu, alhali ba abin da ya sauya sai kumburin da tiyata ta jawo. Ke nan idan an auna majinyaci a rana ta biyar da kwanciyarsa aka samu ƙaranci, mai yiwuwa cutar ce ta haifar da ƙarancin.

Misalin da ya fi kusa shi ne furfura. Duk wanda ya ƙirga zai ga masu furfura sun fi matasa yawan mutuwa, amma babu mai hankalin da zai ce rina gashi na ƙara kwana. Masana a Jami'ar McGill ta Kanada sun bi wata hanya ta daban domin raba furfura da tsufa a wannan batu. Akwai mutanen da gadon halittarsu ya sa bitamin D ɗinsu ke sama tun haihuwa, ba tare da la'akari da ƙiba ko arziki ko yawan fita rana ba. Da a ce sinadarin ne ke kariya, da waɗannan sun fi tsira daga korona. Sakamakon da suka buga a 2021 bai nuna haka ba, ko da yake sun yi gargaɗin cewa hanyar tasu ba ta iya yin hukunci a kan masu ƙaranci mai tsanani.

Wannan gargaɗi ya kamata a riƙe shi da kyau, domin shi ne ƙofar da ta rage a buɗe. Ɗabi'ar aikin likita ba ta yarda a gano mutum na da ƙaranci mai tsanani sannan a bar shi shekaru yana shan ƙwayar wofi domin gwaji ba. Saboda haka rukunin da aka fi zaton zai amfana shi ne wanda aka fi ƙarancin bayani a kansa. Mai irin wannan ƙaranci dai yana buƙatar magani ko don ƙashinsa, sai dai hakan ba hujja ba ce ta cewa kowa ya sha.

Shi kansa ma'aunin "ƙaranci" ba a daidaita a kansa ba. Birtaniya ta sa iyaka a nanomol 25. Cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta ce 50 ya wadatar da kusan kowa. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta ɗaga shi zuwa 75 a 2011, matakin da ya mayar da ɗimbin masu lafiya "marasa isasshe" a takarda. A 2024 ƙungiyar ta janye wannan iyaka, ta kuma ba da shawarar a daina auna jinin masu lafiya ba tare da dalili ba. Ta bar shawarar ƙari ga rukunai ƙalilan: yara da matasa zuwa shekara 18, masu juna biyu, waɗanda suka kai 75, da masu haɗarin kamuwa da ciwon suga.

Darasin Jos

Kusan dukkan wannan muhawara an yi ta ne a ƙasashen da rana ke ƙaura watanni. A Birtaniya, daga Oktoba zuwa Maris, hasken ba ya isa fata ta samar da komai. Najeriya ba haka take ba, amma yawan rana bai zama tabbaci ba. Wani nazari da masana daga Kilifi ta Kenya suka jagoranta, wanda The Lancet Global Health ta buga a 2020, ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka na ƙasa da nanomol 50, kusan ɗaya cikin biyar kuma na ƙasa da 30. Matsalar ta fi yawa a arewacin nahiyar da Afirka ta Kudu, a birane, da kuma tsakanin mata da jarirai sababbin haihuwa. A gefe guda, makiyayan Masai da mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu yini a fili, an same su da matsakaicin kusan 115. Bambancin ba na sararin sama ba ne, na yanayin rayuwa ne: ma'aikacin da ke fita kafin hantsi ya dawo bayan magariba, matar da yininta ke ƙarewa a cikin ɗaka, dattijon da ƙafa ta hana shi fitowa tsakar gida.

Najeriya ta taɓa koya wa duniya wani abu a wannan fanni. Litattafan likitanci sun daɗe suna cewa lanƙwashewar ƙafar yara ƙarancin bitamin D ne, domin haka aka same shi a biranen Turai masu hayaƙi. A Jos, likitoci sun yi ta ganin yaran da ke wasa a rana tun safe, amma ƙafafunsu a gwame. Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka raba yara 123 gida uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Bayan mako 24, kashi 19 cikin ɗari ne kawai na rukunin farko suka kai matakin warkewar da aka gindaya, sai 61 a na biyu da 58 a na uku. Mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon a 1999. Yaran suna samun kalsiyam kusan miligiram 200 ne kacal a rana, daga abincin da masara ta mamaye, madara kuwa ba ta cika shiga ba. Daga baya tawagar ta gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa, ta ga yana warkarwa, ta kuma gano cewa haɗa kalsiyam da bitamin D na gaggauta sauƙi. Da an tsaya a kan abin da aka rubuta a Turai, da an ci gaba da yi wa yaran allurar da ba ita ce babbar buƙatarsu ba.

Akwai wata rikitarwa da ya dace a warware, domin haruffan na kama da juna a kunnen iyaye. Bitamin da aka tabbatar yana rage mace-macen wata cutar bairos a yara shi ne bitamin A, cutar kuma ita ce ƙyanda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk yaron da ya kamu sau biyu, tsakaninsu awa 24. Ko shi ɗin ba ya hana kamuwa, allurar rigakafi ce ke hanawa.

Game da yawan shan, adadin da hukumomin Amurka suka ƙayyade shi ne IU 400 a rana ga jariri, 600 ga mai shekara ɗaya zuwa 70, da 800 ga wanda ya haura. Iyakar da babba bai kamata ya wuce ba sai da umarnin likita ita ce 4,000. Bitamin D ba ya fita a fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi a kitse, kuma idan ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, ya jawo amai da ƙishirwa da yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. A 2022 likitoci a Ingila sun ba da rahoton wani magidanci da ya riƙa shan IU 150,000 kullum bisa shawarar wani mai ba da shawara kan abinci. Ya rame da fiye da kilo 12, ƙodarsa ta samu rauni, ya kwana takwas a asibiti, kuma wata biyu bayan sallamarsa awon bitamin ɗin a jininsa bai sauko daidai ba. Rana ba ta jawo irin wannan, domin fata na dakatar da samarwa idan ta ƙoshi. Kwalaben da ke ɗauke da IU 50,000 a ƙwaya ɗaya an yi su ne domin wanda likita ya auna ya ga yana buƙata, ana shan su mako-mako na ɗan lokaci, amma ana samun su a kasuwa jere da na 1,000, kwalba iri ɗaya, launi iri ɗaya, bambancin kawai ƙananan lambobi ne a jikin takarda.